A Ɗaga Dutsen ko a Kwantar da Shi

Orapa, 9 ga Maris, 1992

Kawu Seleka,

Ɗan yayarka ne ke gaishe ka, gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafar nan ta sassauta maka, shago kuma yana tafiya. Ni lafiyata ƙalau. Ina ci, ina barci, ina tuƙa tifa daga gindin ramin haƙar lu'ulu'u zuwa sama, in juye, in koma. Ranakun nan duk kamarsu ɗaya, sai na duba kalanda nake sanin Lahadi ta zo.

Cikin ambulan ɗin nan mai rajista za ka ga wata 'yar takarda a naɗe. Ka buɗe ta a kan tebur, ba a tsaye ba. Lu'ulu'u ne, ga kuma takardun shagon da na saya a Francistown, kada ka ce ɗan yayarka haɗiyo shi ya yi daga rami. Shekara shida ina kwasar ƙasar da ake tsintar su a ciki, ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba sai ranar da na je na saya kamar kowa.

Zoben baiko nake so ka ƙera wa Sethunya. Kai ka shige gaba zuwa gidan iyayenta ka nemo mini ita, yau shekara uku ke nan, har yanzu ba ta da abin nunawa a hannu. Ga zaren awon yatsanta, tun lokacin na auna na ajiye. Abu ɗaya nake roƙo, ka ɗaga dutsen sama sosai. Na ga irinsa a hannun matar wani injiniya a nan, yana tsaye a kan dogayen faratan zinariya da suka riƙe shi, tun daga ƙofar kanti kake hango shi. Haka nake so. In ta shiga coci a Kanye, har na bencin baya su gani.

In ka je gida ka gaishe mini da mahaifiyata Mma. Sethunya ta rubuto cewa jikin da sauƙi.

Ɗanka,
Ditiro

*

Lobatse, 21 ga Maris

Ditiro,

Wasiƙarka ta same ni da sauran numfashi. Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Ita da ruwan sama sun haɗa baki bana, babu wanda ya yi mini abin da nake so. Shago kuwa ana gyara 'yan kunne da sarƙoƙin da suka tsinke, ana samun na tuwo.

Na buɗe takardar a kan tebur, ranka ya daɗe, tunda kai za ka koya wa maƙerin shekara talatin da takwas yadda ake buɗe takarda. Dutsen mai kyau ne. Ba babba ba ne, amma ruwansa fari ne tas. Akwai ɗan tabo a gefe wanda farce ɗaya zai rufe. Ba su cuce ka ba.

Sai maganar tsayi. Bari in faɗa maka abin da matar injiniya ba ta faɗa maka ba. Dutsen da aka ɗaga yana shan haske ta ƙasa da ta gefe, shi ya sa yake wannan ƙyallin. Amma fa komai kamawa yake yi: bargo, gashi, bakin aljihu, hannun bokiti. Farce ɗaya ya lanƙwashe, dutse ya faɗi a tsakar gida, kaza ta haɗiye, an gama. Wanda aka kwantar aka zagaye da zinariya ba ya kiran ido daga nesa, amma mace kan mutu ta bar wa jikarta shi. Matar injiniyan nan taka, me take ɗauka in ban da kofin shayi?

Tsohon da ya koya mini aiki a Johannesburg yana da doka ɗaya. Ba a ɗora dutse sai an ga hannun, an kuma ga abin da hannun ke yi daga safe zuwa yamma. Ban taɓa karya ta ba, ba kuwa a kanka zan fara ba. To gaya mini, me hannun Sethunya ke yi? Kada ka ce mini ɗinki. Ta rufe kekenta tun ranar da aka sallamo uwarka daga asibiti, ta koma jinyarta da sunan wata uku. Zaren nan naka kuma na jefa a shara. Yatsa sandar ƙarfe ne, ja'iri, da za ka auna shekara uku da suka wuce?

Zan je Kanye ranar Lahadi ta sama in gani da idona. Rabona da can tun Kirsimeti, ba sai ka tuna mini ba.

Kawunka,
Seleka

*

Lobatse, 30 ga Maris

Ditiro,

Ina lafiya, in ban da gajiyar bas. Jiya na je Kanye. Ka nemi wuri ka zauna.

Na iso da hantsi na tarar da Sethunya tana shanya zannuwan gado, guda huɗu, kuma wai wankin safe ne kawai. Na shiga wurin yayata Gadifele. "Da sauƙi" ɗin da ake rubuta maka ladabi ne, ɗana. Ɓarin hagu ya tafi gaba ɗaya. Magana babu, sai gurnani. Idon ne kawai yake nan, ya gane ni sarai, har ya harare ni yadda ya saba tun ina yaro. Na zauna a bakin gadon ina jira in ji wani abu a zuciyata. Ban ji ba. Na yi ta kallon ƙusar da aka rataye kalanda.

Aiki na je yi, saboda haka hannu na kalla. Duk bayan awa biyu yarinyar nan tana juya uwarka don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Takan cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin ƙugu, bayan hannunta yana gogar fatar, sannan ta mirgina ta. Fatar Gadifele ta zama kamar takardar da ta sha ruwa. A ƙugunta akwai wurin da farcen Sethunya ya karce ta tun watan Janairu, har yau bai rufe ba. Tun daga ranar take yanke faratanta har cikin nama. Tsakanin juyi da juyi ga ɗiban ruwa a famfon unguwa, ga dama kunun dawa, ga ba ta a baki cokali cokali, ga wankin jiki, ga bokitin da ba sai na ambata ba.

Da ta samu sarari na ce, "'Yata, kawo hannun in auna."

Ta goge a zane ta ce, "Wanne, Kawu? Duk ɗaya ne."

"Na hagu. Mutumin naki ya aiko da lu'ulu'u."

"To."

"To kawai? Wata da ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sun fito."

"Guɗa tashinta take yi, Kawu. Yanzu ta samu barci."

Na yi mata bayanin ɗagawa da kwantarwa, na ce wanne take so. Ta ce yadda muka gani. Na matsa mata. Sai ta tuna mini kalmar da na faɗa a gaban iyayenta ranar neman aure, wadda kowane kawu ke faɗa, cewa mun zo roƙon ƙwaryar ɗiban ruwa. Ta ce, "Kun roƙa an ba ku. Ƙwarya ba ta zaɓar rijiya." Ba da fushi ta faɗa ba. Tana faɗa tana duban agogo.

Ga hukuncina a matsayin mai sana'a. Zobe mai tsayi a wannan hannu wuƙa ce. Rana ɗaya zai yaga uwarka daga kafaɗa zuwa baya. A kwantar da dutsen ƙasa, in zagaye shi da zinariya, in goge bakin ya yi santsi. Shi ne daidai da hannunta.

Kawunka,
Seleka

*

Orapa, 16 ga Afrilu

Kawu,

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso. Lafiya lau nake, ɗan tari ne kawai irin na kowa a nan.

Na karanta, na kuma gane. Ka fara da cewa dutsen ba babba ba ne, ka ƙare da cewa a kwantar da shi. Ai da ka fito fili ka ce direban tifa bai isa ya yi abin da injiniya ya yi ba. Wata goma sha huɗu ban kai kwalba bakina ba saboda dutsen nan, yanzu kana so ka binne shi cikin zinariya kamar abin kunya. Sannan ka zauna kana kwatanta mini hannunta kamar mai tayin jaki a kasuwa. "Daidai da hannunta." Matata ce, Kawu, ba 'yar aiki ba.

Ba za ta dawwama a wankin zannuwa ba. Sunana yana cikin jerin masu jiran gidan iyali. Ka san garin nan ba a shigowa sai da takardar izini, mace kuma ba ta samu sai mijinta yana da gida. Ni ne na goma sha ɗaya. Gida na fitowa a ɗaura aure ta taho. Zoben na waccan rayuwar ne, ba na wannan ba.

Maganar Mma. Na karanta wurin sau biyu. Na ninke takardar, na tafi ɗakin cin abinci, na ci wake da nama har na ƙara. Ban san abin da ke damuna ba. Tun ranar da na gan ta a asibiti baki a karkace, wani abu ya mutu a ƙirjina, irin yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe a zaune a kanta. Hutu biyu na yi a bakin aiki maimakon in zo, ba don an hana ni ba. Ɗakin nan ne ba na iya shiga. Kada ka gaya wa kowa.

Ka ɗaga shi.

Ditiro

*

Lobatse, 29 ga Afrilu

Ditiro,

Ina nan ban mutu ba, ko da yake wasiƙarka ta yi ƙoƙari.

Tabɗi! Na ce ɗan tabo, ka ji gyambo. Yaushe na raina dutsenka? Na ɗora wa matan ministoci waɗanda ba su kai shi haske ba. Kai dai tun kana rarrafe haka kake, a miƙo maka nama ka ciji yatsa.

Tambaya ɗaya gare ni. Gida ya fito, Sethunya ta taho. Uwarka fa? A bayan tifa za ka ɗora ta?

Tunda ni ban isa ba, mai hannun za ta raba mu. Zan ƙera guda biyu da tagulla, in sa musu ƙwayar gilashi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, in kai mata ta gwada. Wanda ta ɗauka shi zan yi, kai kuma ka rufe mini baki.

Abin da ka ce kada in gaya wa kowa, ban gaya ba. Wa ma zan gaya wa? Daga nan zuwa Kanye tafiyar awa ɗaya ce, ka ga sau nawa nake zuwa.

Seleka

*

Lobatse, 7 ga Yuni

Ditiro,

Sanyi ya shigo, ƙafa tana gaya mini. Ina fata tarin ya tafi. Shirunka ya yi yawa, nawa ma haka. Zobban gwaji sun yi wata guda a aljihun tebur ina cewa Lahadi mai zuwa. Yau dai na je, yanzu na dawo, ko takalmi ban cire ba na zauna rubuta maka.

Na ajiye mata su biyu a kan tabarma. Ta ɗauki na ƙasa ta sa, ta dunƙule hannu ta buɗe, ta ce, "Wannan ko ji ba a yi." Na ce yauwa, abin da nake ta gaya wa wancan mai taurin kan ke nan. Ta cire ta sa mai tsayin. Ana haka lokacin juyi ya yi. Ta tashi ta je bakin gado, ta sunkuya, ta miƙa hannu za ta cusa ƙarƙashin kafaɗar uwarka. Sai ta tsaya. Ta daɗe a haka, hannu a miƙe, tana kallon gilashin.

Ta ce, "Da wannan ba zan iya juya ta ba."

Na ce, "Ai kin gani."

"Ba zan iya wanki da shi ba."

"Ko kusa."

"Ko bokitin."

"Shi ya sa na ce na ƙasan."

Ta ce, "Shi nake so, Kawu. Wannan ɗin."

Ta cire ta miƙo mini, ta juya uwarka, ta fita ɗiban ruwa. Ni kuwa na zauna ina ta mita a raina, wai yarinyar ma son a gani ne ya kama ta. Sai da bas ya yi nisa na gane. Ba ƙyalli take nema ba. So take a ba ta abu ɗaya a duniya da ke cewa wannan aiki yana da ranar ƙarewa. Shekararta ashirin da shida. Wata uku aka ce mata, ga shi an doshi shekara biyu da rabi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, zan faɗa tunda babu mai ji sai kai. Na ce maka a matsayin mai sana'a na yanke hukunci. Ƙarya ne, ko rabin ƙarya. Gadifele yayata ce, ita ta goya ni. Ranar da yarinyar nan ta ajiye bokitin, wurina zai dawo. Na so a kwantar da dutsen ne don ta ci gaba da ɗaukar mini shi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naka.

Kai ne da gaskiya tun farko, ko da yake ba don ka san dalili ba. Zan ɗaga shi. Ka rubuta mata ka gaya mata lambarka a jerin gidaje, ka ba ta wata da rana, ko da kusa da kusa ne. Maganar uwarka kuma mu zauna, ni da kai, mu san yadda za mu yi. Ka yi sauri.

Kawunka,
Seleka

*

Orapa, 8 ga Yuni

Kawu,

Ka yafe mini shiru, ka kuma yafe mini maganganun da na yi. Lafiyata lau, tari ya tafi. Tun wasiƙarka ta ƙarshen Afrilu ban sake ji daga gare ka ba, na ɗauka fushi kake yi.

Ranar Laraba aka kira ni ofis. Mutane da yawa sun bar aiki, jeri ya matso, gida ya fito. Ɗaki biyu da falo, da famfo a ciki. Magatakarda ya ɗora mini makulli a tafin hannu. Ina riƙe da shi tambayarka ta dawo mini: uwarka fa? Sai na mayar masa na ce a ba na bayana. Ya ce in na bari zan koma ƙarshen jeri, shekara uku ko huɗu. Na ce na ji. Na fito na hau tifa na gama aikin ranar. Ban ji daɗi ba, ban ji zafi ba.

Ka yi gaskiya, Kawu, abin da babba ya hango yaro ko ya hau tudu ba zai gani ba. Girman kai ne ya sa na ce a ɗaga. Ka kwantar da shi ƙasa yadda ka ce, ka goge bakin da kyau.

Yau ɗin nan na rubuta wa Sethunya ita ma. Na gaya mata maganar gidan, don ta san ban fifita jin daɗina a kan Mma ba. Na ce kada ta damu, na sa a yi mata zoben da ba zai hana ta aiki ba, ba sai ta riƙa cirewa tana sawa ba. Na daɗe ban yi abin da na tabbata daidai ne ba sai wannan karon. Na san za ta ga na yi tunaninta.

Ɗanka,
Ditiro

*

Kanye, 25 ga Yuni

Ditiro,

Duba saman takardar ka ga daga inda nake rubutu. Shago a rufe yake. Uwarka tana raye, ni ma haka.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta iso Kanye tun kafin ka buɗe tawa, saboda haka ba zan zage ka ba. Ba ni ma da ƙarfin zagi.

Ka san Sethunya ita ke karanta wa uwarka wasiƙunka? Ba ta fara dubawa ita kaɗai. Takan zauna a bakin gado ta yage ambulan ta karanta da ƙarfi, don tsohuwa ta ji daga bakin farko. Haka ta yi da wannan. Ta gaya mini ta karanta wurin makulli, ta karanta wurin shekara uku ko huɗu, ta karanta wurin zoben da ba sai ta riƙa cirewa ba, har zuwa sa hannunka, muryarta ba ta canja ba. Ta ninke ta ajiye. Lokacin juyi ya yi, ta miƙa hannu.

Uwarka ta buge hannun. Da na daman, mai ran.

Sethunya ta sake miƙawa, uwarka ta sake bugewa. Ta kawo kunu, Gadifele ta datse haƙora. Maƙwabciya ta shigo ta gwada, uwarka ta karɓa daga hannunta ta sha. Sethunya ta karɓi cokalin, baki ya sake rufewa. Kwana uku ana haka kafin direban bas ya kawo mini saƙo, kalma uku: Kawu, ka zo.

Na zo na gani da idona. Yarinyar tana durƙushe da kwano tana cewa, "Mma, me na yi? Mma, ko cokali ɗaya." Yayata ta dube ta, ta dubi ƙofa, ta sake duban ta. Jijiyoyin wuyanta duk suka tashi. Matar da ta fi shekara biyu ba ta haɗa kalma ba ta buɗe rabin bakinta ta ce, "Tafi."

Ba kora ba ce, Ditiro, duk wanda ke ɗakin ya sani. Tana faɗa tana shafa kan yarinyar da hannun da ta buge ta da shi.

Sethunya ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kwanon, ta wanke zannuwan da suka rage, ta shanya, ta cika randa da ruwa. Sannan ta ɗaure kan kekenta da jaka ɗaya. Ni na ɗaukar mata keken zuwa tasha, da wannan ƙafar tawa. Ta tafi Ramotswa wurin yayarta. Da za ta hau bas ta ce mini sabulu yana bayan ƙofa.

Da na dawo na ɗauki cokali, uwarka ta buɗe baki ta shanye kunun tas.

Dutsenka yana cikin akwatin ƙarfe a shago, ban taɓa shi ba.

Seleka

*

Orapa, 4 ga Yuli

Kawu,

Na samu ta bakwai ga Yuni, na samu ta ashirin da biyar. Ina cin abinci.

Na koma ofis. Gidan ya tafi, har matar mutumin ta rataye labule. Na rubuta wa Sethunya sau uku na yaga, don duk abin da na rubuta sai in ji tsoron yadda zai karantu.

Ka ɗaga shi, Kawu. Iya tsayin da zinariya za ta ɗauka. Ka kai mata da hannunka, kai ka iya magana. Ka ce na gane.

Na nemi hutu, an ba ni farkon Agusta. Zan zo. Zan shiga ɗakin.

Ditiro

*

Kanye, 20 ga Yuli

Ɗana Ditiro,

Uwarka tana nan, tana ci. Bayana ya ƙage, hannuwana sun tsattsage, amma ina tsaye.

Na bar ta wurin maƙwabciya kwana biyu na je shago. Na ɗaga shi a kan farata shida, tabon ya ɓuya, haske yana shiga ta ko'ina. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, kuma ina yi ina ji kamar hannun wani ne ke yi.

Ranar Asabar na kai Ramotswa. Na same ta a barandar yayarta tana ɗinka rigunan 'yan makaranta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo shayi da burodi. Na ajiye ɗan akwatin a kan keken. Na faɗi duk abin da ka ce in faɗa, na ƙara da nawa, har da laifina. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Wa ke juya ta?"

Na ce, "Ni."

"Kai, Kawu? Kai kaɗai?"

"Da ni da Allah."

Ta kama hannuna ta jujjuya, ta girgiza kai. Sai ta shiga gaya mini yadda ake yi, ɗaya bayan ɗaya, ashe kusan wata guda ba daidai nake yi ba. Na ciro alƙalami na rubuta a bayan tikitin bas. Da ta gama na tura mata akwatin na ce, "'Yata, ko buɗewa ba za ki yi ba? Sama na ɗaga shi, yadda kika zaɓa."

Ta ɗora yatsa a kan murfin. Ta ce, "In na buɗe zan so shi, Kawu."

Ta turo mini shi. Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, ta nemi fushin ma ba ta samu ba. Iyayenta za su aiko a yi maganar manya. Kada ka je Ramotswa. Na roƙe ta har sau uku, a na ukun na ji kunyar kaina na ɗauke akwatin.

Zoben yana wurina, in ka zo ka karɓi abinka. Ga abin da ta faɗa na kwafe maka, ka haddace kafin Agusta, don ranar da ka iso kai za ka yi.

Ka ɗumama hannunka tukuna, ba ta son sanyi. Ka yi mata magana kafin ka taɓa ta, ka gaya mata ɓarin da za ka juya ta. Ka fara da kafaɗa, kada ka ja hannun da ya mutu. Matashi tsakanin gwiwoyi. Kunu kada ya yi kauri, kuma ta gefen dama ake sa cokali. In ta rufe ido ba ta ƙoshi ba ne, hutawa take yi, ka jira. In ta kama hannunka ta ƙi saki, ba ciwo take ji ba. Ka zauna kawai.

Kawunka,
Seleka